Waiwaye: Kankaren Bakin Teku Tsakanin Duka da Gishiri

Ranar 26 ga Fabrairu, 1978, guguwar hunturu ta taso daga Tekun Atilantika ta afka wa sabuwar tashar jiragen ruwa ta Sines, a gaɓar Fotugal, kudu da Lisbon. Ƙasar ta narka dukiya a wurin, don tana son manyan jiragen dakon ɗanyen mai su riƙa sauke kayansu kusa da matatar da take ginawa. Abin da zai ba jiragen mafaka shi ne wata katanga da aka tura cikin teku wajen kilomita 2, a ruwan da zurfinsa ya kai mita 50 can wajen ƙarshenta. Aiki ya kusa ƙarewa. Gefen da ke kallon teku an lulluɓe shi da dubban ƙattin tubalan kankare da ake kira dolos, kowanne tan 42. Da iska ta lafa aka duba, sai aka iske galibin suturar nan ta zube, tubalan sun kakkarye gunduwa-gunduwa, igiyar ruwa ta kwashi gutsattsarin tana jifan na kusa da su. Wasu guguwar da suka biyo baya, a ƙarshen shekarar da farkon 1979, suka ƙara wa katangar rauni a kan rauni.

Abin da ya hana injiniyoyi barci shi ne, igiyar ranar ba ta kai wadda aka yi lissafi da ita ba. An tsara katangar ne ta jure igiya mai tsayin mita 11, irin wadda ake sa ran gani sau ɗaya a shekara 100, sai ga wadda ba ta kai haka ba ta yi mata kaca-kaca. Shi kuwa dolos a lokacin ba abin raini ba ne. An ƙirƙiro shi a tashar East London ta Afirka ta Kudu bayan guguwar 1963 ta yi wa tasu katangar ɓarna, kuma sunayen da tarihi ya riƙe su ne Eric Merrifield, injiniyan tashar, da Aubrey Kruger, mai zane a ofishinsa. Siffarsa gungume ɗaya ne a tsakiya, kowane bakinsa ɗauke da wani gungumen a gicciye, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. In aka jibge su da yawa sai su sarƙe da juna, ruwa ya shige ta tsakaninsu ƙarfinsa ya karye. Dolos na tan 20 yakan tsaya inda tubali mai kusurwa huɗu sai ya ninka shi nauyi kafin ya tsaya. Ba a yi masa rajistar mallaka ba, don haka cikin 'yan shekaru ya bazu a duniya, kowa kuma yana ƙara masa girma gwargwadon zurfin ruwansa.

A wajen ƙarin girman nan aka yi tuntuɓe. Kafin a gina irin wannan katanga, akan yi 'yar ƙaramarta a cikin wani dogon kududdufi a ɗakin gwaji, a jera 'yan dolos da ba su wuce tafin hannu ba, a sa inji ya riƙa turo musu igiya. Ana kallon abu ɗaya ne: shin ruwa zai ture su daga wurinsu? 'Yan ƙananan sukan yi rawa, su gogi juna, su koma su zauna lafiya, a rubuta cewa sun ci jarrabawa. Ba su taɓa karyewa ba, kuma ba za su karye ba, domin ƙaramin abu ya fi babba ƙwari in aka gwada da nauyinsa. Lissafin a fili yake. Ka ninka tsawon tubali da faɗinsa da kaurinsa sau 2, nauyinsa ya ninku sau 8, amma kaurin ƙugun da ke ɗauke da nauyin sau 4 kawai ya ninku. Wato kowane ɗan yanki na kankaren yanzu yana ɗauke da ninkin abin da yake ɗauka a da, alhali siminti da tsakuwar ba su canza ba. Dolos na Sines ya haura mita 4 a tsaye, ba ko sandar rodi ɗaya a cikinsa. Rawar da ɗan ƙaramin ya yi a kududdufi ba ta dami kowa ba, ita ce a teku ta zama karon tan 42 da tan 42.

Sines ba ita kaɗai ba ce. Cikin shekaru uku da suka biyo baya an ga irin wannan karyewa a San Ciprian ta Sifaniya, da Arzew ta Aljeriya, da Tarabulus ta Libiya, biyun ƙarshen da wani nau'in tubali mai ƙafa huɗu da Faransawa suka ƙirƙiro a 1950. Sai Hans Burcharth na Jami'ar Aalborg a Denmak ya yi abin da ya kamata a ce an yi tun farko: ya samo dolos na gaske, ya riƙa ɗaga su yana saki, yana kuma kai musu bugu da wani nauyi mai lilo har su karye. Ya nuna cewa manyan ba sa jure faɗuwar da ba ta kai tsawon kamu ɗaya ba. Da aka zo gyaran Sines, sai aka koma ga dunƙulallun tubala marasa hannu da ƙafa, na tan 90.

Na daɗe ina ganin labarin nan ya fi ƙarfin tashar jirgi ɗaya, domin kuskuren da ke cikinsa yana nan a kusan kowane filin gini. In ana babban aiki, injiniya yakan ɗebi kwaɓin ranar ya zuba a wani ɗan akwatin ƙarfe mai santimita 15 kowane gefe, a jiƙa curin a ruwa kwana 28, a kai shi inji ya danne shi sannu a hankali har ya fashe. Lambar da injin ya nuna ita ake kira ƙarfin kankare, da ita ake biyan ɗan kwangila, da ita ake kare kai gaban kwamitin bincike. To amma danniya ita ce abin da kankare ya fi iyawa. In ja aka yi masa maimakon danna, abin da zai jure bai wuce kashi 1 cikin 10 na wancan ba, kuma ba ya gargaɗi, ɓallewa yake yi farat ɗaya. Duka kuwa, ko da ya zo da kamannin danniya, girgizarsa takan ratsa jikin kankaren ta isa ɗaya gefen ta dawo a matsayin ja, shi ya sa za ka bugi bango ta gaba ka ga ɓawo ya ɓalle ta baya. Kankare mai babbar lamba ma ya fi gautsi. Ita kuwa teku da duka take aiki: igiya ta mari bango sau dubbai a yini, ta ɗauko duwatsu da kututture ta yi jifa, jirgi ya zo tsayawa ya gogi gindin gada, tun ma kafin nan gudumar inji ta sha bugun turakun kafin su shige ƙasa.

Maganin gautsi da aka sani tun ƙarni na 19 shi ne rodi. Ƙarfe yana da wata baiwa: kafin ya tsinke sai ya miƙe, ya lanƙwashe, ya shanye bugun a jikinsa, ginin ya tsattsage amma ya tsaya har mutane su fita. Cikin lafiyayyen kankare rodi ba ya tsatsa, don ruwan da ke cikin siminti yana da kaifi irin na toka, yakan yi wa ƙarfen wata siririyar riga. Gishiri ne ke huda rigar nan. Da ya isa, tsatsa ta kama, ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu zuwa shida, sai ta tura kankaren daga ciki har ya fashe. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri giram 35. Ga kuma inda gizo ke saƙa: mai gini a bakin teku ko a tsibiri, abin da ke gabansa kyauta shi ne yashin teku, da ruwan teku, da dutsen murjani, da ɓawon katantanwa. Yashin kogi da tsakuwar dutse da ruwan daɗi sai an yi musu dako daga nesa, wani lokaci kuɗin dakon ya fi na simintin. Abin da zai ba ginin jimirin duka, shi ne abin da kayan wurin ke ci.

Magabata ba su shiga wannan tsaka mai wuya ba, don ba su san rodi ba. Alhazanmu na da, masu tafiyar ƙasa da suka ratsa Cadi da Sudan, a Sawakin suke jiran jirgi, su sauka a Jidda, kuma garuruwan nan biyu da dutsen murjani na Bahar Maliya aka gina su. Dutse ne marar nauyi, mai ramuka, da ake sassaƙa shi cikin sauƙi, amma yana da gautsi. Maginan tsohuwar Jidda sun san halinsa, shi ya sa bayan kowane 'yan layuka sukan kwantar da katako a cikin bango, ya ɗaure shi, ya raba nauyi, ya tare tsaga kada ta zarce daga ƙasa har sama. Sannan su shafe bangon da farar ƙasa, su riƙa sabunta shafen. Da wannan dabara suka tada gidaje masu hawa huɗu da biyar da har yau wasunsu ke tsaye, har hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Sawakin kuwa, da Turawa suka mai da harkar jirage Port Sudan a farkon ƙarni na 20, masu gidaje suka tashi, shafe ya tsaya, iska mai gishiri ta mai da yawancin garin tsibin duwatsu.

Rumawa ma ana yawan kafa hujja da su. Gaskiya ne sun kwaɓa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta ta yankin Pozzuoli, suka zuba cikin teku, har Sarki Hirudus ya sa aka yi dakon tokar daga Italiya don gina tashar Kaisariya kafin haihuwar Annabi Isa. A 2017 Marie Jackson ta Jami'ar Utah da abokan aikinta suka nuna cewa ruwan tekun da ke ratsa wannan kankare yana haifar da sababbin ma'adinai a cikin ramukansa, suna ƙara ɗinke shi. Abin sha'awa ne, amma kada a manta cewa ƙattin dunƙule ne marasa ƙarfe, nauyinsu ne kariyarsu, ba wanda zai yi siririyar gada da su. Haka a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin gine-gine na Amurka sun kwaɓa siminti da murjani da ruwan teku a tsibiran Fasifik irin su Guam da Saipan, don ba su da zaɓi. Da aka koma duba ayyukan bayan shekaru, darasin bai sauya ba: inda kankare zalla ne ya yi ƙarko daidai gwargwado, inda aka sa rodi tsatsa ta yi aikinta.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan darasi da tsada su ne Japanawa. A shekarun 1960 da 1970, lokacin da ƙasar ke gini ba dare ba rana, yashin kogi ya yi ƙaranci a yammacinta, aka juya ga yashin tekun Seto. Wanke shi yana cin ruwa da lokaci, aiki kuma yana gaggawa, sai da yawa ya shiga injin kwaɓi da gishirinsa. Layin jirgin ƙasa mai gudun tsiya na Sanyo, wanda ya isa Hakata a 1975, yana cikin waɗanda abin ya shafa: gadojinsa ba su yi shekara 20 ba suka fara zubar da ɓawo, rodi ya bayyana ja wur, alhali an gina su ne da niyyar su kai jikoki. A 1986 hukuma ta kafa iyaka, cewa sinadarin gishiri mai cin ƙarfe kada ya wuce giram 300 a kowace mita ɗaya ta ko'ina, wato tsawo da faɗi da zurfi, ta ɗanyen kankare. Don mai karatu ya ga nisan tazarar, in aka kwaɓa wannan adadin da ruwan teku lita 170, sinadarin da zai shiga ya haura kilo 3, ninki goma na iyakar ke nan, tun ba a zo kan yashi ba. Daga baya jihohin da ke kewaye da tekun suka hana haƙar yashin ma ɗungurungum, Hiroshima ta fara a 1998, saboda ɓarnar da ta yi wa kifi da gindin ruwa.

Na Turkiyya ya fi ciwo. Girgizar ƙasar Izmit ta 17 ga Agusta, 1999, ta kashe mutum fiye da 17,000, kuma masu tonon ɓaraguzai sun riƙa tsintar ɓawon katantanwa a cikin ginshiƙan da suka rushe. Dalilan rushewar suna da yawa, akwai rodi mai santsi, akwai ƙarancin zobban da ke ɗaure shi, amma yashin tekun da ba a wanke ba, ba a tankaɗe ba, ya riga ya ci ƙarfen shekara da shekaru kafin daren. Girgiza duka ce ita ma, kuma ta iske gine-ginen da aka riga aka zare musu jijiya.

Akwai wani aiki da nake so duk ɗalibin injiniya ya sani, a garin Progreso na yankin Yucatan a Meziko. Ruwan gaɓar ba shi da zurfi, sai an yi tafiya mai nisa cikin teku kafin jirgi ya iya tsayawa. Tsakanin 1937 da 1941 wani kamfanin Denmak, Christiani da Nielsen, ya gina gadar sauke kaya mai tsawon kilomita 2 da ɗoriya. Yankin ba shi da koguna a sarari, tsakuwar da ake samu ta farin dutse ce mai ramuka da gishiri a jikinta. Maginan ba su yi kamar ba su gani ba. Sai suka tsara gadar baka-baka, yadda kusan ko'ina danniya kankaren zai sha, wato abin da ya iya. A 'yan wuraren da ba makawa sai an sa rodi, suka sa ƙarfen da ba ya tsatsa, kimanin tan 220, duk da tsadarsa. Gadar tana aiki har yau, manyan motoci suna bi ta kanta, guguwa iri-iri sun wuce ta. Kusa da ita an gina wata bayan kimanin shekara 30 da rodi na gama-gari, yanzu sai kututturan ginshiƙanta ke leƙowa daga ruwa. Masu aikin farko sun fara da tambayar me zai kashe ginin nan a wannan wuri, sannan suka zaɓi siffa da kaya. A ganina duk wani ci gaba na gaskiya da aka samu a wannan fanni daga baya, ta ƙofar wannan tambaya ya shigo.

Babbar hanyar da masu bincike suka bi ita ce zare. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake kwaɓin ginin ƙasa a Kano ko Damagaram ya ga ana zuba ciyawa ana tattakawa, kuma kowane magini zai gaya maka dalili: ƙasa in ta bushe sai ta tsage, ciyawar ce ke riƙe bakin tsagar kada ta buɗe. Aikin zare a kankare ke nan. A 1963 James Romualdi da Gordon Batson suka buga binciken da ya buɗe wannan fage a Amurka, da gajerun wayoyin ƙarfe. Zare ba ya hana tsagar farko sosai, kuma lambar injin danniya kusan ba ta motsawa, shi ya sa mai kallon wannan lamba kaɗai zai ce asarar kuɗi ce. Amfaninsa bayan tsagar yake fitowa. Kowane zare da ya gitta tsaga sai an zaro shi da ƙarfi ko an tsinka shi, a nan bugun ke ƙarewa, maimakon tubali ya rabu biyu sai ya tsattsage ya zauna a dunƙule. Sai dai kowane zare da aibinsa a ruwan gishiri. Na ƙarfe ya fi riƙo, amma yana tsatsa a fuska da cikin tsaga. Na roba ba ya tsatsa, amma wasu nau'o'insa suna da laushi, sai tsaga ta buɗe kafin su kama. Na gilashi da na narkakken baƙin dutse kuwa kaifin siminti yana cin su sannu a hankali in ba an yi musu kariya ba. Kuma in aka cika hannu, zaren ya cukuikuye a injin kwaɓi, ya bar ramukan da suka fi rashinsa illa.

Wanda ya kai wannan dabara nesa shi ne Victor Li na Jami'ar Michigan, a farkon shekarun 1990. Ya cire tsakuwa gaba ɗaya, ya bar lallausan yashi da tokar kwal da siririn zaren roba kashi 2 cikin 100, ya daidaita riƙon zaren yadda in tsaga ɗaya ta buɗe kamar silin gashi, sai ta tsaya, wata ta buɗe kusa da ita. Kankaren da aka saba yakan tsinke in ya miƙe kashi 0.01 cikin 100, nasa yakan kai kashi 3 ko fiye. Masu bincike a Hong Kong sun kwaɓa irinsa da ruwan teku da yashin teku, ya riƙe wannan hali. Yana da tsada, ba wanda zai zuba katangar kilomita 2 da shi, amma ana iya yi wa gindin gada riga da shi daidai inda jirgi ke goga. Ta ɓangaren toshe wa gishiri hanya kuwa, mutanen Holan sun daɗe da gane amfanin niƙaƙƙen kashin ƙarfe da ke fita daga tanderun narka tama. In ya maye gurbin rabin siminti ko fiye, ramukan kankaren sukan tsuke, ya kuma kama wani kaso na gishirin ya riƙe. Da irin wannan siminti suka gina shingen Oosterschelde da aka buɗe a 1986, da niyyar ya yi shekara 200.

Ana kuma ta yayata sandunan zaren gilashi da aka daskarar da ƙaro a madadin rodi. Ba sa tsatsa ko kaɗan, nauyinsu kashi ɗaya cikin huɗu ne na ƙarfe, kuma Jami'ar Miami ta jagoranci wani shiri da ya gwada su tare da kankaren ruwan teku, har aka yi amfani da su a gadar Halls River a Florida. Ina murna da su, amma ina tsoron ɗokin da ake yi. Sandar nan ba ta lanƙwasa. Tana jure ja fiye da rodi, amma ranar da ta gaji tsinkewa take yi lokaci guda. In aka cire rodi aka sa ta ba tare da wani tanadi ba, an rabu da tsatsa an dawo da gautsi. Shi ya sa masu lura suke haɗa ta da zare a cikin kwaɓin, ko su zuba kankaren cikin bututun irin wannan kaya, ya rungume shi ta yadda ko ya farfashe a ciki ba zai watse ba. Haka zancen garin tsofaffin tayoyi: yana shanye bugu, amma yana rage ƙarfin ɗaukar kaya, don haka wurinsa shingen kariya ne, ba ginshiƙi ba.

Tsakuwar murjani ma tana da nata sharuɗɗan. Tana shan ruwa sosai, in ba a jiƙa ta kafin kwaɓi ba sai ta zuƙe ruwan siminti. Tsaga kuma ba ta kewaye ta kamar yadda take kewaye tsakuwar dutse, ratsa ta take yi kai tsaye, don haka ƙarfin ginin ya koma kan ingancin simintin da ke kewaye da ita. Nan zan faɗi ra'ayina ba kwana-kwana: ɓaraguzan murjanin da aka yaso wajen zurfafa hanyar jirgi, a yi gini da su, amma fasa rayayyen murjani don yin kankare ganganci ne. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa tudun murjani yana karya kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiya kafin ta iso gaɓa. Mutanen Maldives sun haƙi nasu sun yi gini, sun cike gefen babban birninsu Male, da ambaliyar 1987 ta zo sai da Japan ta taimaka aka kewaye birnin da tubalan kankare, suna yin aikin da murjanin ke yi kyauta.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da teku sai a hoto. Ruwanmu ne ƙwarai. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na cin yashi da tsakuwa tan biliyan 50 a shekara, kuma rairayin hamadar da ke kewaye da mu iska ta goge shi ya yi sul-sul, ya cika laushi, siminti ba ya kama shi yadda ake so. Ke nan tilas za a ci gaba da komawa teku. Kayan da ke shagunan Kantin Kwari da Dawanau ta Apapa da Lekki da Kwatano suke shigowa ko fita. 'Ya'yanmu ne ke ɗaukar kwanon kankare a filayen gini na Legas, su ne kuma ke kwana a ƙarƙashin dakin da aka zuba da yashin da aka yaso daga ruwa mai gishiri-gishiri. Legas ɗin ma ta ɗanɗani halin teku: katangun da Turawa suka gina a bakin tasharta tsakanin 1908 da 1912 sun tare yashin da ke gangarowa daga yamma, teku ta yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru. Katangar da ke kare sabon birnin Eko Atlantic an lulluɓe ta da tubala masu tan 5, gajeru masu kauri, nau'in da aka ƙirƙiro a Faransa a farkon shekarun 1980, bayan an ga abin da ya sami sirara. Ga kuma titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, kimanin kilomita 700, da aka fara a 2024, na kankare da rodi, cikin iska mai gishiri. A yankin Neja Delta, inda dutse ke wuya, mutane sun daɗe suna kwaɓa siminti da ɓawon ƙananan katantanwar ruwa a madadin tsakuwa, jami'o'inmu sun yi rubuce-rubuce da dama a kai, amma yawancinsu a kan lambar injin danniya suka tsaya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne gwajin duka ba shi da tsada. Akwai na manyan jami'o'i, inda ake harba sandar ƙarfe da iska mai ƙarfi ta bugi wata, a auna girgizar da ta ratsa ɗan curin kankare, dabarar da ta samo asali daga Bertram Hopkinson a 1914. Amma akwai wanda cibiyar kankare ta Amurka ta bayyana, da duk wani mai walda a Panteka zai iya haɗa kayansa: faifan kankare mai faɗin santimita 15 da kaurin 6 da ɗoriya, a ɗora masa ƙwallon ƙarfe, a riƙa sako guduma mai kilo 4 da rabi daga tsayin santimita 46, ana ƙirga bugu nawa kafin tsagar farko, nawa kuma kafin ya rabu. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce jimirin da ake nema, kuma a nan kankare mai zare ke barin marar zare a baya nesa. Kowace kwalejin fasaha a ƙasar nan za ta iya ajiye irinsa, kowace takardar kwangilar gaɓar teku za ta iya neman sakamakonsa tare da awon gishirin da ke cikin yashin kowace tifa. Sakamakon yakan bambanta ƙwarai daga faifai zuwa faifai, don haka biyu ko uku ba sa isa, sai an zuba da yawa daga kwaɓi ɗaya. Rabinsu kuma a riƙa tsoma su a ruwan gishiri ana shanyawa na tsawon watanni kafin a ɗora musu guduma, domin kankaren da jirgi zai buga a Apapa ba ɗan kwana 28 ba ne.